Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mataimakiyar Gwamnan Jihar Kaduna, Dakta Hadiza Sabuwa Balarabe

Mai girma Mataimakiyar Gwamna,

Ina rubuto miki ne daga Kafanchan a kan wata buƙata da ba kasafai ake jin ta a taron siyasa ba, domin ba titi ba ce, ba kuma gini ba ce da za a tara jama'a a ƙaddamar. Mutane muke buƙata: matasa 'yan wannan yanki da suka ƙware a ilimin ƙididdigar al'umma, waɗanda za su iya gaya mana da hujja yara nawa ake haifa a Jama'a da Sanga da Kaura da Zangon Kataf, nawa ne cikinsu ba sa kai shekara biyar, mata nawa ke rasuwa wajen haihuwa, kuma me ke kashe su. Roƙona shi ne gwamnatin jiha ta tura wasu su karanto wannan fanni a waje, amma tun kafin su hau jirgi a tanadar musu wurin da za su dawo su yi aiki, wurin kuma ya zama nan Kafanchan.

Ke na nufa da wasiƙar saboda ba sai an yi miki dogon bayani ba. Likita ce ke, 'yar ƙaramar hukumar Sanga, kuma kafin ki zama mataimakiyar gwamna a 2019 kin riƙe hukumar kula da lafiya matakin farko ta jihar nan. Kin san rajistar awon ciki da ta rigakafi. Kin san fom ɗin da ma'aikaciyar asibitin gunduma ke cikawa a ƙarshen wata, sau da yawa bayan ta kwana karɓar haihuwa, da yadda fom ɗin ke isa hannun jami'in ƙaramar hukuma ya shigar da shi DHIS2, manhajar nan da aka ƙirƙiro a Jami'ar Oslo. Kin fi ni sanin inda lambobin nan ke da ƙarfi da inda suke da rauni.

Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya ce a cikin kowace haihuwa 100,000 mata 512 ne ke rasa ransu a Najeriya. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta na shekarar 2020 kuwa ya ce 1,047. Ƙasar ɗaya ce, tsakanin shekarun ba nisa, amma wannan ya ninka wancan. Kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Na farko an same shi ne ta hanyar tambayar mata labarin 'yan'uwansu mata da suka rasu. Na biyu lissafi ne da aka tattaro daga wurare daban-daban, aka cike giɓin da ƙiyasi. Dalilin komawa ga waɗannan dabaru shi ne ba mu rajistar mutuwa. Wadda ake kai wa hukuma a rubuta ba ta wuce kimanin ɗaya cikin goma ba. Sauran a yi jana'iza, a yi zaman makoki, maganar ta tsaya a cikin dangi.

Ko wanne aka ɗauka cikin biyun, bai ce komai ba game da Gwantu ko Kagoro. Binciken na 2018 ya zaɓi gidaje kimanin 42,000 ne a duk faɗin ƙasar, a wurare 1,400, gida 30 a kowanne. An tsara shi ya nuna halin ƙasa da na shiyya da na jiha, bai sauko ƙaramar hukuma ba. Mutuwar mata wajen haihuwa kuwa ko ta jiha bai fitar ba, sai ta ƙasa dunƙule. Ita kuma Kaduna ba iri ɗaya ba ce. Matsakaicin lissafin da ya haɗa Tudun Wada da Birnin Gwari da Kwoi bai yi kama da ko ɗaya daga cikinsu ba. Ƙananan hukumomi takwas na shiyyar kudu suna da tsaunukansu da rafukansu da ke cika da damina su yanke hanya, suna da asibitocin mishan da wasu yankunan ba su da su, 'yan mata sun fi daɗewa a makaranta a wasu garuruwan, a wasu kuma ba haka ba. Duk wannan yana nutsewa cikin lamba guda da aka rubuta wa jiha.

Tambayar farko da ake koya wa ɗalibin ƙididdiga ita ce: cikin nawa? Idan aka ce an yi wa yara kaza allurar rigakafi a gunduma, labarin bai cika ba sai an san yaran gundumar su nawa ne. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi ita ce ta 2006, wadda ta ba jihar nan mutum miliyan 6.1. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Tun bayan waccan ƙidayar, kowace shekara sai a ɗora wani kaso a kan lambar 2006, kamar kowane gari girmansa ɗaya da na maƙwabcinsa. Alhali kin san abin da yankin nan ya gani tun daga 2011: ƙauyukan da suka watse, waɗanda suka tare a Kafanchan da Zonkwa, waɗanda suka koma gida da waɗanda har yau ba su koma ba. Shi ya sa a Najeriya ake samun rahoton da ke nuna wani wuri ya yi wa fiye da kashi ɗari cikin ɗari na yaransa rigakafi, a daidai lokacin da binciken 2018 ya gano rabin yaran ƙasar ne kawai suka samu allurar penta ta uku.

Allurar nan ita ce ke kare yaro daga mashaƙo. Sau uku ake yin ta, a sati na 6 da na 10 da na 14. A watan Yulin 2023 mashaƙo ya ɓulla a nan Kafanchan, yara suka rasu. Ma'aikatan lafiya sun tashi tsaye, kuma sun cancanci godiya. Amma cutar ta riga kowa sanin unguwannin da aka tsallake. Da akwai wanda ke riƙe da jerin kowane yaro da aka haifa a gundumomin nan, da alama a gaban sunan wanda bai karɓi ta biyu ko ta uku ba, da tun kafin yaro na farko ya kasa haɗiye ruwa an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Mai sayen citta a kasuwar Kwoi ko Kachia ba ya ƙirga kuɗi sai an ɗora buhu a sikeli, amma kasafin lafiyar miliyoyin mutane muna yin sa ne a kan kintace.

A jihar nan aka taɓa nuna wa duniya amfanin ƙirga da kyau. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun rubuta bayanan haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne mutuwar ta fi taruwa a kan matan da ba su yi awo ba, waɗanda sai naƙuda ta yi tsawo ko jijjiga ta kama su ake kawo su, da waɗanda ba su yi makaranta ba, da masu ƙananan shekaru ƙwarai, da waɗanda suka yi haihuwa da yawa. Aikin yana cikin waɗanda suka ja hankalin duniya kafin taron Nairobi na 1987 kan ceton rayukan mata masu juna biyu. Da takarda da biro aka rubuta bayanan. Sai dai duk ingancinsa, waɗanda suka iso asibiti kaɗai ya gani. Matar da jini ya ƙwace mata a gida, ko ta cika a kan babur tsakanin ƙauye da gari, ba ta cikin kowace rajista. Neman wannan matar shi ne aikin masu ƙididdigar al'umma.

Fannin ya bambanta da lissafin da ake yi a allo. An gina shi ne don ƙasashe irin tamu, inda takardu ba su cika ba. William Brass, wanda ya yi aiki a Gabashin Afirka kafin ya koma koyarwa a Makarantar Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan, ya nuna yadda tambayoyi biyu masu sauƙi, 'ya'ya nawa kika haifa, nawa ke raye, za su iya fitar da yawan mutuwar yara a al'umma idan aka jera amsoshin bisa shekarun iyaye mata. Dabarar tambayar 'yan'uwa mata ita ma daga wannan makaranta ta fito a ƙarshen shekarun 1980, bayan an gwada ta a Gambiya. Akwai kuma tambayar musabbabin mutuwa, inda ake zuwa gidan mamaci bayan an share makoki a zauna da wanda ya yi jinya: zazzaɓi ya yi, kwana nawa, ya yi tari, wuyansa ya sanƙare, cikinta wata nawa. Daga amsoshin likita ko kwamfuta ke fitar da cutar da ta fi yiwuwa.

A nan ne ɗan gida ya fi baƙo, ko da baƙon ya fi shi digiri. Tsohuwar da ta rasa jikanta a wani ƙauyen Atyap ko Bajju ko Ham, ko a rugar Fulani, ba da Turanci za ta ba da labarin ba, wani lokaci ko Hausar ma ba za ta ɗauke abin da ke ranta ba. Yadda take kiran ciwon, abin da take jin nauyin faɗa a gaban namiji, cikin da ya zube wanda ba a lissafa shi a haihuwa, jaririn da ya koma kafin suna wanda uwa ba ta son a tuna mata: wanda bai san waɗannan ba zai cika fom ɗinsa tsaf, lambobin kuma su fito a karkace. Muna buƙatar mutumin da ya iya tsara samfuri da auna tazarar kuskure, kuma ya san yadda ake sallama a shiga gidan makoki.

To me ya sa sai waje? Ba don babu malamai a gida ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen ƙididdiga da na lafiyar al'umma, kuma tun 2008 shirin horar da masu bin diddigin annoba, wanda ake yi tare da ita da Jami'ar Ibadan, ya yaye mutanen da suka yi aiki lokacin Ebola da korona. Digirin farko a gida ya kamata a yi shi. Amma a mataki na biyu da na uku, ɗalibi yana buƙatar zama kusa da manyan rumbunan bayanai na shekaru da dama, da malaman da kullum aikinsu ke nan. Jami'ar Southampton a Ingila tana da sashe na musamman kan ƙididdigar al'umma da nazarin yawan jama'a. Makarantar Landan da na ambata tana nan. Kuma waje ba Turai kaɗai ba ce. Akwai cibiyar nazarin yawan jama'a ta Jami'ar Ghana da ke Legon, wadda aka kafa a 1972 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai Jami'ar Witwatersrand a Afirka ta Kudu, akwai cibiyar binciken yawan jama'a da lafiya ta Afirka a Nairobi. A ganina yawancin waɗanda za a tura can ya kamata su nufa, domin kuɗin ya fi sauƙi, matsalolin da za su yi nazari kuma sun fi kama da namu.

Maganar kuɗi ba abin ɓoyewa ba ce. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da 500 ta haura 1,500 a 2024. Kuɗin makaranta kaɗai na digiri na biyu a yawancin manyan jami'o'in Ingila ya wuce fam 20,000, ban da masauki da abinci. Asusun TETFund ya dakatar da tura malaman jami'a karatu waje daga farkon 2025, kuma dalilan da ya bayar su ne tsadar canji da yawan waɗanda ba sa dawowa. Ɗan manomin citta, musamman bayan cutar da ta cinye gonaki a 2023, ba shi da hanyar wannan karatu da kuɗin gidansu. Don haka ba ɗaruruwa nake roƙo ba. Mutum kaɗan a shekara, waɗanda aka zaɓa ta jarrabawa a fili, sun isa. Hukumar tallafin karatu ta jiha za ta iya rage wa kanta nauyi idan ta taimaka wa matasa neman guraben Commonwealth da Chevening: a biya musu jarrabawar Turanci, a samo wanda zai duba musu takardar neman gurbi, a nema musu sakamakonsu daga jami'a a kan lokaci. Yara masu ƙwazo da yawa a nan suke tsayawa, kan abin da bai kai kuɗin tikitin jirgi ba.

Rashin dawowar da TETFund ya yi kuka da shi gaskiya ne, amma ban yarda takardar alƙawari da mai tsaya wa ɗalibi za su magance shi ba. Ki duba abin da ke jiran wanda ya dawo. A ɗauke shi a mataki na 8 ko na 9, a ajiye shi a ofishin tsare-tsare, aikinsa haɗa rahoton wata uku-uku. Babu tsanin da mai bincike zai hau a ma'aikatar lafiya, babu bayanan da zai yi nazari a kai, babu babban da zai duba aikinsa. Kafin shekara biyu wata ƙungiyar agaji ta ninka masa albashi ta ɗauke shi zuwa Abuja, ko jami'ar da ya baro ta kira shi. Ba na ganin laifinsa. Ilimin da ya sha wahalar samu yana dushewa idan ba a aiki da shi, kuma shi ma ya sani.

Waɗanda suka dawo suka zauna, akwai abin da suka dawo suka tarar, ko suka samu damar ginawa. Marigayi Farfesa Andrew Nok, ɗan garin Nok a ƙaramar hukumar Jaba, ya yi bincike a Jamus da Japan, amma a ɗakin gwajinsa na Zariya ya yi aikin da ya ba shi kyautar kimiyya ta NLNG a 2009, kan ƙwayar cutar sammore. Daga baya ya zama kwamishinan lafiya na jihar nan a 2015, kafin rasuwarsa a watan Nuwamban 2017. Halidou Tinto na Burkina Faso ya yi digirinsa na uku a Antwerp ta ƙasar Beljiyam, ya koma ya kafa cibiyar bincike a Nanoro, garin karkara. A can aka yi gwajin allurar zazzaɓin cizon sauro ta R21 wadda sakamakon 2021 ya nuna tana kariya da kashi 77 cikin ɗari, ita ce kuma Najeriya ta fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a watan Disambar 2024.

Misalin da ya fi kusa da abin da nake roƙo shi ne Navrongo, a can arewacin Ghana kusa da iyakar Burkina Faso, wuri mai nisa da babban birni da ƙarancin likitoci. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara rubuta kowane gida da kowane yaro a yankin domin gwajin sinadarin bitamin A, aka gano yana rage mutuwar yara da kashi 19 cikin ɗari. Da gwajin ya ƙare ba a rufe rajistar ba, ma'aikatar lafiya ta Ghana ta karɓe ta ta mayar da wurin cibiyar bincike. A kan wannan rajista Fred Binka da abokansa suka nuna a 1996 cewa gidan sauro mai magani yana rage mutuwar yara da kashi 17 cikin ɗari. A can kuma aka gwada zaunar da ma'aikaciyar jinya a cikin ƙauye maimakon jiran marasa lafiya a asibiti, tsarin da Ghana ta ɗauka ya zama na ƙasa baki ɗaya. Matasan yankin da suka fara aiki a cibiyar, wasunsu sun je sun yi digiri na uku sun dawo, saboda bayanan da suka rubuta digirin a kai a Navrongo suke. Matlab ta Bangaladash tun 1966 take wannan aiki ba ta tsaya ba.

Kafanchan ta dace da irin wannan cibiya, kuma yanzu ne lokacin. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da mayar da babban asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa cibiyar lafiya ta tarayya, a shekarar kuma aka kafa jami'ar tarayya ta kimiyya a Kachia. Kwalejin koyon jinya da ungozoma ta jiha tana nan cikin gari, reshen Jami'ar Jihar Kaduna yana nan, kwalejin fasahar lafiya ta ECWA tana Kagoro, kwalejin ilimi tana Gidan Waya. Tun zamanin jirgin ƙasa garin mahaɗa ne, marasa lafiya daga Kaura da Sanga da Jaba da Zangon Kataf nan suke nufa idan abu ya gagara. Sabon asibitin tarayya yanzu yake tsara sassansa da guraben ma'aikatansa. Idan ba a sa sashen bincike da ƙididdiga a ciki tun yanzu ba, shigar da shi daga baya zai yi wuya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda aikin yake ba wani abu ne mai sarƙaƙiya ba. A zaɓi wasu gundumomi da suka haɗa cikin gari da ƙauye da ruga, a yi musu ƙidaya gida-gida, kowane gida da lambarsa. Ma'aikata su riƙa komawa sau biyu ko uku a shekara suna rubuta ciki da haihuwa da mutuwa da wanda ya tare da wanda ya tashi. Mai unguwa da ungozoma da limami da fasto su zama masu kai labari tsakanin zagaye da zagaye. A haɗa lambar gida da katin asibiti, ta yadda za a san wanda ya zo da wanda bai zo ba. Abin da ake buƙata babura ne da ƙananan kwamfutocin hannu da sola da albashin da ba ya yankewa. Wannan na ƙarshen shi ne ginshiƙi. An kafa irin wannan cibiya a Nahuce, ƙaramar hukumar Bunguɗu ta jihar Zamfara, wajen 2010, da tallafin ƙasashen waje. Tallafi yana da wa'adi, rajistar al'umma kuwa amfaninta a ɗorewa yake, domin zagaye biyu da aka tsallake sun isa su ɓata aikin shekaru. A sa ta a kasafin jiha da layinta, a ƙarƙashin Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Kaduna da ma'aikatar lafiya, masu tallafi su zo su ƙara a kai. Hukumar ƙididdigar nan ta riga ta yi binciken gidaje fiye da sau ɗaya tun daga 2015, tana da mutanen da za su iya riƙe aikin.

Tambayoyin da ke jiran amsa a yankin nan suna da yawa. Yara nawa ake haifa da sikila, nawa ke kai shekarun shiga makaranta? Hawan jini da ciwon suga sun kai ina a tsakanin manoma da ba su taɓa gwaji ba? Shekarar da citta ta lalace, iyalai sun rage zuwa asibiti, yara sun rame? Idan aka sa dokar hana fita, me ke faruwa da matar da naƙuda ta kama da dare? Maganin feshi da matasa ke goyawa a baya ba tare da kariya ba, me yake yi musu? Kowace ɗaya ta isa digiri na uku, kuma amsarta za ta canza inda ake kai kuɗi.

Akwai abin da dole in faɗa, ko da yake yana da nauyi. Ƙirga mutane a Kudancin Kaduna ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya shiga unguwa da takarda yana tambayar mutum nawa ke gidan nan, za a fara tunanin zaɓe, ko fili, ko wa ya fi wa yawa. Ƙidayar 2006 ma ba ta tambayi addini ko ƙabila ba saboda irin wannan fargaba. Mun kuma ga abin da rashin amintaccen mai ƙirga ke haifarwa. A ƙarshen 2016 cocin Katolika na Kafanchan ya ce mutum 808 aka kashe a rikicin yankin, daga baya hukumar agajin gaggawa ta ƙasa kuma ta ce 204, kowanne da lokacin da ya ɗauka da yankin da ya ƙirga. Jayayyar lambar ta ƙara wa masu makoki ciwo. Amma daga baya ma'aikatar tsaron cikin gida ta jiha ta fara fitar da rahoto a fili, ta ce an kashe mutum 937 a faɗin jihar a 2020, da 1,192 a 2021, tare da rabe-rabe bisa shiyya. Lambobin masu ɗaci ne, gwamnati kuma ta daure ta faɗe su. Jihar da ta iya ƙirga waɗanda bindiga ta kashe za ta iya ƙirga waɗanda zubar jini da zazzaɓi da gudawa suka kashe.

Amana ita ce za ta riƙe cibiyar. Ma'aikatanta su fito daga kowace al'umma, Musulmi da Kirista, manomi da makiyayi. Sarakuna da hakimai su san abin da ake tambaya da abin da ba a tambaya. Sunayen mutane su zauna a killace kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada, kada su fita zuwa hannun ɗan siyasa ko jami'in haraji. Kuma duk shekara a koma dandalin gari a gaya wa mutane abin da aka gano, da Hausa da harsunansu, kafin a kai shi wani taro a Abuja ko Landan. Mutanen da aka yi ta yi wa tambayoyi ba a taɓa dawo musu da amsa ba sun gaji, kuma suna da gaskiya.

Game da waɗanda za a tura, ina roƙon kada a tsaya kan masu sabon digiri kaɗai. A ɗakin kati na asibitocinmu, da cikin ungozomomi da jami'an da ke tattara rahoton ƙananan hukumomi, akwai masu kaifin lissafi da suka shekara goma suna riƙe da rajista, sun san inda lamba ke ɓacewa fiye da kowa. A buɗe musu ƙofa su ma. A tabbatar rabin guraben na mata ne, domin yawancin tambayoyin aikin nan mace ce za ta yi wa mace. A makarantun sakandare kuma a gaya wa yaran da suka iya lissafi cewa hidimar lafiya ba ta tsaya ga likita da nas ba. Da yawa suna ɗaukar kwas ɗin ƙididdiga a matsayin abin da aka ba su bayan sun rasa likitanci, ba wanda ya taɓa nuna musu inda zai kai su. Wanda za a tura digiri na uku kuma, a tsara shi ta yadda zai yi darasi a can ya dawo ya tattara bayanansa a nan, da malami ɗaya a waje ɗaya a gida, kujerarsa da matakin albashinsa a rubuce tun kafin ya tafi. Idan an buga sakamakon bincike, sunansa ya zo a gaba.

Ranki ya daɗe, abin da nake nema daga ofishinki a yanzu zama ɗaya ne. Ki kira shugaban hukumar ƙididdiga, da kwamishinan lafiya, da hukumar tallafin karatu, da shugabannin asibitin tarayya na Kafanchan da Jami'ar Jihar Kaduna da jami'ar Kachia, su zauna a nan Kafanchan tare da sarakunan yankin. A ba su wa'adi su kawo miki gundumomin da za a fara da su, da kuɗin shekara uku na farko, da adadin guraben karatu da na aiki, domin maganar ta shiga kasafin kuɗin shekara mai zuwa kafin a miƙa shi majalisa.

Allah ya taya ki riƙo, ya ba mu zaman lafiya.

Naki cikin girmamawa,
Wani mazaunin Kafanchan